Baffan Sarki a Falonmu na Gorton

Wutar da muke zagayewa ba ta itace ba ce. Wutar gas ce, manne a bangon falonmu na Gorton, a gabashin Manchester, wadda sai an murɗa maɓallinta an danna an haɗa da addu'a kafin ta kama. In ta kama sai ta yi shuɗi, can ta koma ja, ta gasa maka ƙauri alhali bayanka na daskarewa. Kakata, Hajiya Yalwa, ba ta taɓa yarda wuta ce ba. Cewa take yi wutar da ba ta hayaƙi, ba ta toka, ba a gasa rogo a cikinta, ai fitila ce mai girman kai. Duk da haka ita ke fara shimfiɗa dardumarta a gabanta da an idar da magariba, kuma a hunturun ƙasar nan magariba kan faɗi tun ban gama cire kayan makaranta ba.

Abin da ya kawo ta ba na daɗi ba ne. Abbana ya rasu a farkon sanyin shekarar da nake aji huɗu na firamare. Karatu ya kawo shi ƙasar, ya gama, jami'a ta riƙe shi yana bincike, sai ciwon da bai kai mako ba ya ɗauke shi. Kaka ta taso daga Kano don ta zauna da Ummata har ta fita takaba. A daidai lokacin ne kuma gwamnati ke ta tsuke bakin aljihu. Hukumar birni ta rufe cibiyar renon yara inda Umma ke aiki, laburaren unguwa ya koma buɗewa rabin mako. Gidan duka ba ya ɗumamuwa, saboda haka muka tattara rayuwarmu a ɗaki ɗaya. Nan ake ci, nan ake salla, nan nake aikin makaranta, nan ƙanwata Walida ke koyon tafiya tana kama gefen kujera.

Abba shi ne ɗan farin Kaka, ita kuwa mai alkunya ce irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, har bayan da furfura ta fara fito masa a gemu. Da ya rasu ma ban ga hawayenta ba. In masu gaisuwa suka zo suna yabonsa, sai ta kawar da kai ta ce a kawo wa baƙi shayi. Ni da na tashi a makarantar da malamai ke tambayar ka yadda kake ji a ranka kafin su tambaye ka ko ka yi aikin gida, sai na ɗauka ba ta damu ba, na kuma ƙullace ta a kan haka. Nawa sunan kuwa ba ta barin sa ya huta: Mudassir in na yi laifi, maigida in tana son aike, ango mai kwana da safa in tana neman tsokana.

Da tatsuniyoyin gida ta fara, na kura da dila da 'yan mata masu taurin kai. Hausata a lokacin kamar kwando take, ta tare wani abu ta zubar da wani, sai Kaka ta cike gurbin da hannu da fuska. Ta iya tafiyar kura tana daga zaune. Umma ba ta shigowa tsakiyarmu. A bakin ƙofar kicin take zama cikin hijabinta mai ruwan toka, tana tsince shinkafar da babu tsakuwa ko ɗaya a cikinta, tana saurare.

Ranar Asabar kuwa gidan na Baffa Sani ne, ƙanin Abba. Akanta ne a Birmingham, yana zaune a unguwar Erdington da matarsa Anti Hadiza. Da hantsi za ka ji motarsu ta tsaya, ya shigo yana ƙorafin cunkoson hanya, hannunsa niƙi-niƙi da ledoji, ita kuma da kular dambun nama ko na shinkafa. Mutum ne mai sanyin magana, mai dariya da kafaɗa. Akwai kujerar Abba a kusa da wutar, ba ya zama a kanta. Sai ya naɗe ƙafa a ƙasa kusa da Kaka, duk da ciwon gwiwarsa. Sun daɗe da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Ina son su ƙwarai, kuma wannan ne ya sa abin da ya biyo baya ya yi mini wuyar haɗiya.

A waya na fara jin maganar. Wani dattijon danginmu ne daga Kano, an buɗe muryarsa kowa na ji, yana cewa yaro namu ne, ga baffansa da rai da hali, ga uwar ba aiki ga goyo, me za a jira? In ta fita takaba a haɗa wa Mudassir kayansa ya koma Birmingham, ya tashi a hannun namiji. Umma ta sani sarai a ƙasar nan babu mai raba ta da ɗanta sai da yardarta. Amma sanin doka daban, buɗe baki ki ce wa surukai a'a alhali mijinki bai yi wata biyu a ƙasa ba, daban. Ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta shiga kicin ta kunna famfo, ta daɗe ruwa na zuba babu abin da take wankewa.

Baffa bai nemi abin da bakinsa ba, amma bai ƙi ba. Anti Hadiza kuwa murna ta kasa ɓoyuwa a fuskarta. Wata Asabar ta tambaye ni launin da na fi so, na ce shuɗi. Asabar ta gaba ta nuna mini hoto a wayarta: ɗaki an yi masa shuɗin fenti, ga ɗan gado sabo, ga teburin karatu a jikin taga. Ita da kanta ta yi fentin, har da sauransa a gefen farcenta. Na ce ya yi kyau, don ya yi kyau ɗin, na hau sama na shige bargo da takalmina.

Kaka na samu washegari tana jan carbi. Da Turancin unguwarmu na faɗa mata ba ni son tafiya. Ta ce in yi Hausa, ba ta jin yaren da ake yi ta hanci. Na harhaɗa na ce, "Kaka, ba ni son in bar Umma." Ta dube ni, ta dubi wutar, ta ce in miƙo mata man zafinta. Na miƙa mata ina jin a raina tsohuwar nan dutse ce, ɗanta ya mutu ba ta yi kuka ba, balle ni.

Ranan da magariba sai ta canza mabuɗin hira. Ta ce mu matso, ga wata ta ƙetaro teku. Ban san amsar da ake bayarwa ba, sai Umma daga bakin ƙofa ta ce a hankali, "Ta sauka lafiya." Kaka ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, labari ne, na mutanen Girka. Tana yarinya mahaifinta na sayen gyaɗa wa wani Bagirke a Kano, shi kuma yana da tsohuwar uwa da ta gaji da zaman kaɗaici a bene. Kaka kan kai mata ƙwai, tsohuwar ta tsare ta da gurguwar Hausarta, su yi musaya: Kaka ta ba ta na kura, ita ta ba ta na sarakunansu. Sunayen sun fi ƙarfin harshenta, in ji ta, saboda haka mutumin da za ta ba mu labarinsa, Baffan Sarki take ce masa.

Wani gari ne tsakanin duwatsu, da kogi mai iwa a gefensa da gonakin zaitun. Sarkin garin ya mutu da ƙuruciyarsa bai bar ɗa ba, sai aka naɗa ƙaninsa. Na tambaye ta sunan sarkin da ya mutu, ta ce ba ta riƙe ba, ta wuce. Ƙanin bai daɗe a karaga ba aka gane ashe matar marigayin na da ciki. Da labari ya iske shi, sai ya tara jama'a ya warware rawaninsa a gabansu, ya ce in namiji aka haifa sarauta tasa ce, shi daga yau mai riƙo ne kawai. Na ce mata mutanen Girka ba sa rawani, na gani a littafin makaranta. Ta ce, "Ka je ne? To ni wadda ta je ce ta faɗa mini." Haka aka bar masa rawaninsa.

Dare biyu ko uku ta yi tana jan wannan ɓangaren, don Kaka ba ta sauri da labarin da take so. Ta ba mu yadda ya sauka daga karaga ya koma zama a kan buzu a gefenta, yana yanke hukunci daga nan. Ta ba mu yadda fadawa suka riƙa zuwa masa ɗai-ɗai da dare, kowa da zaƙin bakinsa. Ba mugaye ba ne, in ji ta, masu son sa ne, kuma maganarsu da ƙamshin gaskiya. Suka ce gari na bukatar babba, jariri ba ya tare abokan gaba. Suka ce in an haihu a ɗauke yaron tun uwar ba ta saba da shi ba, a kawo shi gidanka ya tashi yana ce maka baba. Ka ga kai ka samu ɗa, gari ya samu sarki, ita ma ta huta da wahala. Baffan Sarki bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya sa dogarai a ƙofar matar, ya ce ranar da ta haihu, in namiji ne, a ɗauko shi a kawo masa duk inda yake, kome yake yi.

A nan ta tsaya. Daren Laraba ne, ban manta ba, don washegari muna da wasan ninƙaya a makaranta kuma na kasa cin abincin rana. Na roƙe ta ta ƙarasa, ta ce muryarta ta dishe. Alhamis ta ce kanta na ciwo. Juma'a ta ce ba a ba da labarin arna a ranar Juma'a, dokar da ban taɓa jin ta ba sai ranan, kuma ban sake jin ta ba. Na ce mata tsohuwa mai ƙarya ba ta shiga aljanna, ta ce to sai mu zauna a waje tare, tunda miji ba ya barin matarsa.

Asabar ɗin ita ce ta ƙarshe kafin Umma ta fita takaba. Baffa ya zo da sabon akwati, ya ajiye shi a bayan ƙofa kamar mai jin kunyarsa. Aka ci abinci, aka yi magariba, ya fara laluben mukullin mota don ba ya son tuƙin dare. Kaka ta ce ya zauna, ta yi wa maigidanta alkawarin ƙarshen labari, ba za ta ƙarasa shi gida babu babba ba. Baffa ya yi dariya da kafaɗa ya ce, "Hajiya, motorway fa za ta cika." Ta ce hanya ba ta gudu. Ya koma ya naɗe ƙafa, Anti Hadiza ta ɗauki Walida ta ɗora a cinya. Kaka ta maimaita musu farkon a taƙaice, ba ta tsallake maganar fadawa ba, ko kalma ɗaya. Na ga Baffa ya daina wasa da mukullin.

Matar ta haihu da yamma, in ji Kaka, Baffan Sarki na cin abinci da manyan gari. Dogarai suka shigo da jariri naɗe a zane, namiji, ko wanka ba a gama yi masa ba. Daga can cikin gida ana jin kukan uwar. Kowa ya tsame hannu daga akushi. Baffan Sarki ya karɓi yaron, ya daɗe yana dubansa, don kamannin yayansa ne sak. Kaka ta ɗan tsaya a nan ta gyara mayafinta. Sannan ya tashi, ya taka zuwa karagar da ya yi watanni bai hau ba, ya kwantar da jaririn a kai, ya juyo ya ce wa mutane ga sarkinku. Ya raɗa masa suna da yarensu, ma'anarsa farin cikin jama'a.

"Da aka gama guɗa," in ji Kaka, "sai ya ce sarki ya gama zaman fada na yau. Ya ɗauke shi da hannunsa, bai ba dogari ba, ya bi soro ya bi tsakar gida har ƙofar uwar. Ya yi sallama, ya miƙa mata. Ya ce karaga tasa ce, gari nasa ne, amma shi naki ne. Ni zan tsare masa waɗancan, ke ki tsare shi."

Ba ta dubi kowa ba da ta faɗi haka, wutar take kallo. Ni kuwa Baffa nake kallo, shi yana kallon dardumar.

Saura ta ba da shi da sauri. Masu baki ba su ƙyale Baffan Sarki ba, suka ce jira yake yaron ya mutu ya gaje. Don kada ko zazzaɓi ya kama yaron a ce shi ne, sai ya bar garin ya shiga jirgin ruwa, ya yi ta yawon ƙasashe yana koyon yadda mutane ke zaman lafiya, har sarki ya girma. Da aka kira shi ya dawo, ya tsara musu dokoki. Ya sa mai kuɗi da talaka su ci a tebur ɗaya, abinci iri ɗaya. Wani saurayi mai zafin kai ya maka masa sanda ya fasa masa ido, jama'a suka kamo shi suka ce ya yi yadda ya ga dama da shi. Ya kai shi gida ya zaunar da shi yana cin tuwonsa har ya zama mutum. A ƙarshe ya sa suka rantse ba za su taɓa dokokin ba sai ya dawo daga wata tafiya, ya tafi, ya ƙi dawowa da gangan har ya mutu a can.

Anti Hadiza ce ta yi tambayar, da wata ƙaramar murya. Ta ce, "Hajiya, shi ya haihu kuwa?"

Kaka ta ce ɗa ɗaya, shi ma ya mutu bai bar baya ba, gidan ya rufe a kansa. Sannan ta ce, "Amma ga ni, tsohuwa daga Kano, a ƙasar da rana ke jin kunyar fitowa, ina ba jikana labarinsa. Yayan nasa da ya bar ɗa, ko sunansa ban iya faɗa ba." Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, ta rufe da tari. Ta ce ta sauke labari a nan, wanda ya ga zai iya ɗauka ya ɗauka, ta miƙe ta ce za ta yi alwala, alhali duk mun san da alwalarta.

Baffa ya mayar da mukullin aljihu. Ya tashi ya je bakin kicin, ya tsuguna daga nesa kamar yadda yake gaida Umma tun da ta shiga takaba. Na ji yana ce mata, "Maman Mudassir, yaro zai zauna a school ɗinsa, a wurinki. Mutanen gida ki bar ni da su." Umma ta rufe fuska da hijabi. Ya fito ya shafa kaina, ya ce in riƙa haddace jadawalin lissafi don ranar Asabar zai tambaye ni. Da za su tafi Anti Hadiza ce ta ɗauki akwatin. Ta sumbaci Walida, ta rungume ni har na ji ƙamshin turarenta ya shiga hancina, ta fita ba ta waiwayo ba. Ni a lokacin murna kawai nake yi, har da tsalle a kan kujera. Ban ga komai a fitar tata ba.

Abin da ya biyo baya ba ya shiga tatsuniya, don babu guɗa a cikinsa. Dattijan Kano suka yi fushi da Baffa, wasu suka ce matarsa ce ba ta son ɗan riƙo, ita da ta yi fenti da hannunta. Bai taɓa gyara musu zancen ba, don kada ya jawo wa Umma magana, ita ma Anti ba ta gyara ba. Kaka ta koma gida da bizarta ta ƙare. Umma ta samu aikin kula da tsofaffi, daga baya ta yi karatun jinya. Shi kuwa Baffa bai shiga jirgin ruwa ya ɓace ba. Kowace Asabar motarsa na ƙofarmu, da ruwa da ƙanƙara. Shi ke zuwa ganin malamaina, shi ya kai ni wurin likita da na karye a hannu, shi ya koya mini ɗaura ɗamarar wuya da aske gemu. Har muka bar gidan nan na Gorton bai zauna a kujerar Abba ba, bai kuma taɓa bari na ce masa Abba ba, ko da bakina ya suɓuce. Sai ya ce, "Abbanka ɗaya ne, ni Baffa ne, kuma ya ishe ni."

Ina babbar sakandare na ci karo da labarin a wani littafin tarihi, da sunayen da suka gagari harshen Kaka. Na karanta shi a tsaye. Kusan komai na nan, idon da aka fasa, teburin abinci, rantsuwar. Abu biyu ne suka bambanta. A littafin ba fadawa ne suka kawo muguwar shawara ba, uwar ce da kanta ta aika wa mai riƙon cewa za ta zubar da cikin in zai aure ta. Sannan babu inda aka ce ya mayar mata da jaririn da hannunsa. Na kira Kaka a Kano a ranar, ina ji da ilimi, na ce mata ta yi wa tarihi kwaskwarima.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Uwarka na bakin ƙofa tana takaba, in buɗe baki in ce uwa ta sayar da ɗanta? Tsohuwar Bagirkiyar ma na faɗa mata ban yarda da wannan wurin ba, maza ne suka shirya shi." Na ce to mayar da jaririn fa? Ta ce, "Kai maigida, karatu bai ƙara maka wayo ba. A kan karagar ya kwana? Ai dole wani ya mayar da shi. Ni dai na faɗi ko wane ne."

Ba ta daɗe bayan wannan ba, ta rasu. Sai da na girma na fahimci abin da ta yi a daren nan. 'Ya'ya biyu gare ta a cikin maganar, ɗaya a kabari, ɗaya a zaune a gabanta da akwati da ɗakin da babu yaro a ciki. Kunya ta hana ta kiran na farko, tausayi ya hana ta ce wa na biyu kada ka ɗauka. Da ta ba da umarni da Baffa ya bi, amma da ya bi ne a matsayin wanda aka hana. Sai ta ɗauko wani mutum daga bayan teku ta tsayar a tsakiyar falo, ta bar ɗanta ya auna kansa da shi, ya zama shi ya bayar. Na sha jin ana yabon masu iya magana. Ban taɓa ganin wanda ya kai matar nan iya yin shiru a inda ya dace ba, kuma ina kewarta har yau.

Abu ɗaya ne labarin nata bai faɗa ba, littafin ma bai faɗa ba: ko Baffan Sarki na da mata, da abin da ta ji ranar da ya wuce ƙofarta da jariri a hannu ya kai wa wata. Wannan sai da na gani da idona.

Da lokacin shiga jami'a ya yi, na samu gurbi a Manchester, na samu a Birmingham. Umma ta bari sai da ta ga na daɗe ina juya takardun, sannan ta ce akwai mutanen da suka yi shekaru suna bin hanyar nan saboda ni, ba laifi in ni ma na san tsawonta. Na kira Baffa na ce ba na son ɗakin ɗalibai, ko akwai wuri a gidansu. Ya ce bari ya ba Antina.

Na sha zuwa gidan da salla, amma kullum a falo nake yini mu koma a ranar, kuma ƙofar ƙarshe a sama kullum a rufe take. Ranar da na iso da kayana Anti Hadiza ta hau gabana ta buɗe ta. Shuɗin ya ɗan koɗe ta wajen taga. Teburin na nan, gadon na nan, da zanin gado wankakke mai ƙamshin turaren wuta. Ta ce kullum tana cewa za ta mayar da shi ɗakin ɗinki, ba ta samu lokaci ba. Na ajiye jaka na kwanta don in gwada, sai ƙafafuna suka zarce ƙarshen gadon tun daga ƙauri, suna reto a iska. Ta fashe da dariya, ta dafa ƙofa tana dariya, har dariyar ta juye ta zama wani abu, ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta.

Baffa ya leƙo daga bayanta, ya dubi ƙafafuna, ya ce gobe da safe za mu je a sayo babba. Na ce to, gobe. Amma yau a bar mini wannan, a kansa zan kwana.